Kafin Ki Sayi Gidan Bakin Filin Tsere

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Nura, da gajiyar aikin dare. Allah ya tsare ki a kan ruwan nan da kike tsallakawa kullum daga St. George zuwa asibiti, shi kuma ya tsare shi a kan tituna da babbar motarsa. Mu nan Bronx lafiya lau muke, sai gwiwa, ita kuwa ta daina zama labari.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da yake da lambar wayarki. Ai na gwada wayar. Shekaranjiya na kira ki, na soma maganar gidan nan, kina ta ce mini "Oke, Baba," ina jin ƙarar cokali a cikin kofi. Na san wannan "Oke, Baba" ɗin tun kina firamare, ma'anarta kina jira in gama. Shi ya sa na zauna na rubuta da Hausa, don na san a Hausa ba kya iya gudu. Dole ki bi ta a hankali kina motsa leɓe, kuma abin da nake so ke nan.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure ki gyara mini. Kin sami aiki a asibitin wani gari can Karolina, wata mai zuwa za ku tashi. Kin ga gida a kwamfuta, dillaliya ta aiko miki da bidiyonsa, kuma ranar Litinin za ki sa hannu daga nan, ba ki taɓa taka ƙofarsa ba. Gidan ya fi na kusa da shi arha, yana da fili a baya, da ɗaki a ƙasa da kika ce namu ne ni da mahaifiyarki. Sannan a bayan wasu bishiyoyi akwai filin da ake tseren motoci, wanda dillaliyar ta ce miki wani lokaci akan ɗan ji. Ke kuwa nas ce. Da dare kike aiki, da rana kike barci, ba ruwan aikinki da Asabar ko Lahadi. Idan barcinki ya lalace, da wannan idon za ki tashi ki auna wa mutane magani. Abin da ya hana ni sakat ke nan.

Ba zan ce miki kar ki saya ba. Zan dai ba ki labarin yadda ubanki ya yi ta zaɓen gida da kunnen wasu, ki ga inda ya kai shi.

Lokacin da na zo garin nan ina da tebur a Canal Street, ina sayar da agogo da tabarau, in hadari ya haɗo in koma laima. Muna kwana a ɗaki ɗaya da 'yan gari, kowa da lungunsa. Sai takardun mahaifiyarki suka fito, aka ce za ta taho daga Kano. Ba a kai amarya ɗakin gwauraye, dole in nemi gida. Lokacin kuwa kasuwa ce ta ƙarshen shekara, wanda ya bar teburinsa rabin yini ya yi asarar da zai daɗe yana tunawa. Maƙwabcin teburina shi ne Alhaji Isuhu na Maraɗi, kin san shi, mai ba ki alewa a aljihun babbar riga. Shi ya ji labarin wani gida a Bronx, hawa na uku, haya da sauƙi, ya ce zai je ya dubo mini.

Kuskurena a nan yake. Kafin ya tafi na riga na gaya masa na yi istihara zuciyata ta kwanta, na kuma riga na aika wa mahaifiyarki cewa gida ya samu. Ya tafi ya dawo da yamma, na tare shi.

"Alhaji, yaya ka ga gidan?"

"Alhamdu lillahi, gida ya yi. Akwai haske."

"Unguwar fa? Babu hayaniya?"

Ya ɗan gyara zaman hularsa, ya dubi agogunan da ke kan teburinsa kamar ranar ya fara ganin su. Ya ce, "To, Malam Sabo, birni ne. Amma kana kusa da jirgi, ba ka makara."

Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin yabo, na ba shi kuɗi ya karɓo mini makulli.

Ranar da mahaifiyarki ta iso na ɗauko ta daga filin jirgi da azahar, muka shiga gidan tare, ni ma ranar na fara ganin cikinsa. Ta zauna a kan akwatinta, ta soma isar mini da gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka ba ta amana. Ta gama ta Inna, ta shiga ta Yaya Babba, sai na ga kofin shayin da na ajiye a kan taga ya soma tafiya shi kaɗai. Kafin in yi magana jirgin ƙasan nan mai bi ta kan gada a saman titi ya iso. Uwata, ba kusa da taga yake wucewa ba, a bakin taga yake wucewa. Da za ki miƙa hannu sai ki gaisa da fasinja. Wani ƙaton mutum yana cin burodi ya dubi mahaifiyarki ido cikin ido, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙarar ta lafa ta ce, "Malam, baƙi ne?"

Na ce, "A'a, wucewa suke yi."

"Kullum?"

Sai ga jirgin ɗaya ɓangaren ya iso.

Haka muka zauna a gidan nan shekaru. Mun koyi yin magana gutsure-gutsure. In na ce "Miƙo mini," sai ta tsaya da hannu a sama har jirgi ya wuce ta ji ko gishiri ne ko buta. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai inda jirgin ya yi mini rana. Duk lokacin da na yi laifi, takan ɗauko maganar tun daga tushe, ta jero ta da kyau, ta zo daidai inda za ta kama ni, sai jirgi. Kafin ya wuce na sa takalmi na sauka. Ina ta murna na auri mai haƙuri. Ban sani ba ashe ajiye zantukan take yi. Makon da muka tashi daga gidan ta zaunar da ni, ta ƙarasa su duka, kowanne daga inda aka katse shi.

Na koma wa Alhaji Isuhu tun a satin farko. Na ce, "Alhaji, don me ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai ka ce ka yi istihara. Kai ka ce ka riga ka faɗa wa amarya. Ni ne zan zo in ce maka ba a zaɓa maka daidai ba? Kuma ai na gaya maka kana kusa da jirgi."

Na ce, "Ba ka ce a cikinsa nake ba."

Ya yi dariya har da tari, ya ba ni goro, maganar ta mutu a nan.

Ki lura da wannan. Mutanenmu suna da kara. Wanda yake son ki, in ya ga kin riga kin sa rai a kan abu, ba zai buɗe baki ya ɓata miki shi ba. Zai gaya miki gaskiya, amma zai naɗe ta cikin tsumma ya ajiye a gefe, in kin ga dama ki kwance. In za ki aiki mutum ya dubo miki abu, kada ki bari ya ga fuskarki tukuna. Na ji kin ce Nura ya bi ta unguwar da motarsa, ya ce shiru take. Na tambaye shi yaushe, ya ce wata Laraba da asuba. Yaron kirki ne, ba na musu. Amma mutumin da yake barci a kan inji yana aiki, a bakin gidan mai, ba shi za a tambaya ko wuri yana da ƙara ba. Kuma ya gan ki kina gwada launin labule a kan hoton tagar. Me kike so ya ce?

Da muka tashi barin gidan jirgi, lokacin mahaifiyarki tana da cikinki, na yi rantsuwa ba zan sake aiken kowa ba. Na rufe tebur na fita da kunnuwana. Aka nuna mini wani gida kusa da makaranta, na ji yara suna ihu a fili, na ce a'a. Aka nuna mini wani a saman shagon wanki, na ji inji yana juyawa, na ce a'a. Aka kai ni wani bene da 'yan zangon Kumasi suka cika, mutanen kirki, tun a matakala wata Hajiya ta miƙo mini kwanon wake da shinkafa, amma kowane ɗaki da rediyonsa, na ci na gode na ce a'a. Daga ƙarshe na sami wani can arewacin Bronx, duk tsofaffin Turawa ne da suka bar aiki, har baranda an shimfiɗa mata kafet. Na tsaya a tsakar ɗakin na rufe ido, ban ji komai ba sai agogon hannuna. Na ce yau na yi wayo.

Na auna ƙarar kowa, na manta ban auna tamu ba.

Kin san yadda nake waya da Kano. Har yau zuciyata ba ta yarda cewa murya tana isa can ba tare da an taimaka mata ba. Sannan ga turmin mahaifiyarki, wanda ta taho da shi cikin kaya ta bar rabin zannuwanta saboda shi. Ranar farko da ta soma dakan yaji, sai muka ji ana bugawa daga ƙasa. Ta buga, aka buga. Ta sake bugawa, aka sake. Fuskarta ta washe, ta ce, "Malam, ashe akwai 'yar gida a ƙasa. Ji yadda take mini lugude." Ta gyara tsayuwa ta ƙara ƙarfi, tana sauya salo, ta ƙasa tana amsawa da sauri. Sun yi kwanaki a haka. Har ta zuba yajin a ƙaramin kwano ta ce in kai wa abokiyar dakanta. Na sauka na ƙwanƙwasa, wata tsohuwa ta buɗe, sandar tsintsiya a hannunta, saman ɗakinta duk ya yi tabo. Na tsaya da kwanon yaji a hannu ina cewa sannu. Ta karɓa, ban san don me ba, ta rufe ƙofa.

Ranar sunanki abin ya kai ƙarshe. Mutane suka zo daga ko'ina, kowa sai ya tsaya a matakala ya gaisa da kowa, a tambayi gida, a tambayi aiki, a tambayi sanyi, a koma a sake tambayar gida. Ba a kai ga addu'a ba 'yan sanda suka iso. Alhaji Isuhu ya tare su da farantin shinkafa da nama, suka ce sun gode amma a rage murya. Haka malam ya yi addu'a kamar mai ba da sirri, muna amsa amin a cikin hanci. Wata 'yar Zinder ta ɗaga kai za ta rangaɗa guɗa, mata biyu suka rufe mata baki. Ban taɓa ganin taron suna da ya yi kama da zaman makoki irin naki ba, ke kaɗai ce aka ƙyale kika yi kuka, ke ma ana ta jijjiga ki.

A ranar na tuna cewa duk zamanmu a gidan jirgi ba wanda ya taɓa buga mana ƙofa. Kowa ya riga ya sallama. Don haka ki sa wannan a ɓangaren alherin gidan naku: mutanen da suka yarda suka zauna da tseren motoci a bayan katanga, da wuya su kira hukuma saboda turmi, ko saboda tsoho yana waya. Shirun unguwa ma yana da farashinsa, kuma baƙo ne yake biya. Kada ki tambayi ko wuri yana da ƙara kawai. Ki tambayi ke wace ce, yaushe kike barci, su wa za su riƙa zuwa gidanki, da irin muryar da za su zo da ita.

Daga can muka dawo nan Concourse Village inda kika girma, cikin 'yan'uwa, kowa yana jin kowa ba mai ƙorafi. Da a ce ina da hankali da na tsaya a nan. Amma da furfura ta soma fitowa sai ciwon nan ya kama ni, wanda yake kama duk wanda ya daɗe a waje: in mallaki gida a Kano. Baffanki Lawan ya kira ya ce ya ga wani ginanne, mai shi yana neman kuɗi da gaggawa. Na ce a raina yanzu na san kan abin. Na ce masa, "Kada ka gaya mini komai, kada ka yaba kada ka kushe. Ka ɗauko mini shi a bidiyo, da gidan da layin, in gani da idona."

Baffanki ba ya yin abu rabi-rabi. Ya je ya ɗauko mai ɗaukar bidiyon biki. Wani matafiyi ya kawo kaset ɗin, na tara abokai a falo, mahaifiyarki ta yi kunun gyaɗa. Aka kunna. Sunana ya taho daga sama yana juyawa, furanni suna buɗewa a kusurwoyi, kiɗan amare yana tashi. Ga gida fari tas. Ga layi a share, shaguna duk a rufe, ba kowa sai wata akuya tana tafiya a hankali kamar ita ma an gayyace ta. Na ce, "Kun ga natsuwa?" Kowa ya ce masha Allahu. Alhaji Isuhu ma ya ce masha Allahu, ya gyara hularsa, ni kuwa ban kula ba. Na saya.

Sai bayan 'yan shekaru muka sami zuwa. Tun daga bakin layi na soma jin abin a haƙorana. Shagunan nan da na gani a rufe, duk na 'yan walda ne da masu ƙera ƙofofin ƙarfe, kowa da janaretansa. Bangon ɗakin kwana kuwa, injin niƙa ne ya jingina da shi ta baya, mata sun yi layi da robobin markaɗe. Na ja baffanki gefe, na sa baki a kunnensa.

"Lawan, yaushe kuka ɗauki bidiyon nan?"

"Ranar Juma'a, Yaya, ana masallaci."

"Don me sai lokacin?"

"In ba lokacin ba mai bidiyon ba ya jin abin da nake ce masa."

"Kiɗan fa? Wa ya ce a sa kiɗa?"

"Ai a cikin kuɗin yake. Kuma Yaya, gida ka ce kana so ka gani."

Gaskiyarsa ce kuwa. Yanzu ɗaya daga cikin 'yan waldan ne yake haya a ciki, kuma bai taɓa kuka da unguwar ba.

Na kalli bidiyon da dillaliyarki ta aiko, ta bayan kafaɗar mahaifiyarki. Na ga ciyawa, na ga hasken safiya, na ji wani kiɗa mai sanyi kamar na ɗakin jiran likitan haƙori. Sai na ji ƙamshin kunun gyaɗar nan ya dawo mini. Ban ce matar ta yi ƙarya ba. Baffanki ma bai yi ba. Mai sayarwa yana nuna kayansa ne a lokacin da suka fi kyau, ni ma ban taɓa nuna wa mai sayen tabarau inda ya karce ba sai ya tambaya. Ke ce za ki tambaya. Waɗanne ranaku ake tseren, waɗanne watanni, daga wane lokaci zuwa wane lokaci? Ranakun da ba a tsere, ana gwajin motoci? In ta ce akan ɗan ji, ki ce mata a ina, a tsakar gida ko a kan matashi? Ki nemi wani maƙwabci wanda ba shi da abin sayarwa ki ji ta bakinsa, zai fi kyau in tsoho ne mai yawan ƙorafi. Kuma kada ki yarda ta tsaya a ɗaki ta ɗaga miki waya ki saurara. Wayoyin yanzu an yi su ne su tace hayaniya su bar murya. Ranar nan na kira ki daga bakin titi motar kashe gobara tana wucewa, ba ki ji komai ba, har kika ce in gaishe da mutanen masallaci.

Ni ban taɓa jin tseren motoci ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ban sani ba ko irin ƙarar jirgi ce, mai zuwa ta wuce har jiki ya saba da lokacinta, ko irin ta injin niƙa ce, mai kama wuri ta zauna. Tsakanin biyun nan akwai nisa, kuma ba a gane shi a hoto.

To wa za a aika? Mahaifiyarki ta ce ita za ta je, har ta soma neman jakarta. Na ce ta zauna. Matar da gidan jirgi ya horar ba ta da sauran amfani a wannan aikin. A gidan Kano, injin nan yana girgiza gado, ta kwanta bayan azahar ta yi barci har da minshari, ta tashi ta ce iskar gida daban ce. In ta je Karolina za ta dawo ta ce miki ba ta ji komai ba, kuma iyakar gaskiyarta ke nan.

Sai na ce ni zan je. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kai kuma ai ka riga ka ji."

Na ce, "Me na ji?"

Ta ce, "Tun ranar da yarinyar nan ta ambaci filin tseren kake walwala. Jiya a ƙofar masallaci ka gaya wa mutane gidan ba ya zaunuwa, ko garin ba ka san inda yake ba. Malam, ba ƙarar ce ta dame ka ba, nisan ne."

Uwata, ta faɗi daidai. Yanzu in na so ganinki, jirgin ƙasa ne da jirgin ruwa, kafin la'asar ina falonki ina kushe shayinki. In kin tafi can sai an yi shiri, sai an nemi tikiti, sai an tambayi gwiwa. Ɗakin da kika ware mana na gode, amma ni da ke mun san mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a layi ɗaya ba ya tashi da sauƙi. In na je gidan nan, keke zai wuce in dawo in ce miki aradu ce. Alhaji Isuhu ya rage mini ƙara don yana so na. Ni zan ƙara miki ita don ina son ki. Dukanmu ba 'yan aike ba ne. Saboda haka duk abin da na rubuta a sama ki karanta shi da wannan a ranki, ki ɗauki na ɗauka.

Abin da ya rage ke ce. Kunnen da zai kwana a gidan shi zai je ya ji.

Ki kira dillaliyar ki ce a ɗaga sa hannun da mako ɗaya. In ta ce akwai wani yana jira da kuɗi a hannu, ki ce Allah ya sanya masa alheri, ki ga ko ba za ta sake kira ba. Ki binciko Asabar ɗin da ake tsere. Ki sauka daga aikin daren Juma'a, kada ki biya gida, ki wuce filin jirgi da gajiyarki yadda take. A hanya kada ki runtsa, in ya kama ki ja wanda ke kusa da ke da hira. Ki tafi da tabarma da matashinki na kullum. In kin isa, kada ki tsaya kallon kicin ko fili, kin riga kin gan su. Ki ce dillaliyar ta nuna miki ɗakin kwana, ki rufe taga yadda za ki riƙa rufewa, ki shimfiɗa tabarmar daidai inda gado zai zauna, ki ce mata ta je ta sha shayi ta dawo. Za ta ɗauka ba ki da lafiya. Ki ƙyale ta, ba ita za ta ba marasa lafiya magani ranar Lahadi ba.

In ta dawo ta same ki ido biyu kina kallon sama, ki naɗe tabarmarki ki yi mata godiya. Garin ba gida ɗaya ne a cikinsa ba, ku kama haya ku nema a tsanake kuna can. In kuwa sai da ta taɓa ƙafarki kafin ki farka, to ki sa hannu, kada ki sake tambayar kowa, har ni. Ki kira ni daga ɗakin ki gaya mini yadda ta kasance, ba ragi ba ƙari. In gidan ya yi, ni zan fara zuwa ɗaure miki kwalaye, ke dai kada ki riƙa duban fuskata ina ɗaurewa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki tafi da rigar sanyi don gidan da ba kowa ƙasansa sanyi gare shi. Ki gaishe mini da Nura, ki ce ban kushe kunnensa don ƙi ba.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da maƙwabta nagari duk inda ya rubuta miki zama, ya sa albarka a aikinki da aurenki. Allah kuma ya ba ki barci mai nauyi ranar Asabar ɗin nan. Wannan ta ƙarshen na daɗe riƙe da alƙalami kafin in rubuta ta, amma na rubuta, kuma na ce amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Sabo